Tsufa da Adenosin: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Shekaru ke Sauya Saƙonnin Ƙwaƙwalwa

Tambayoyin nan suna yawan fitowa daga bakin mutane iri biyu: ɗaliban aikin jinya da na harhaɗa magunguna a Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena, da kuma masu kula da iyaye ko kakanni a gida, waɗanda suka lura cewa barcin tsohon ya lalace, ko goro da shayin da ya saba da su tun yana saurayi sun fara yi masa wani iri. An fara da tushen maganar, sannan aka shiga zurfinta, kuma inda wata amsa ta dogara da wata an nuna lambarta.

1. Mene ne adenosin, kuma daga ina yake fitowa?

Adenosin sinadari ne da jikin mutum ke samarwa da kansa a kowace gaɓa. Asalinsa daga ATP ne, wato sinadarin da ƙwayoyin jiki ke ajiye ƙarfi a cikinsa su kashe shi a lokacin aiki. Duk lokacin da ƙwayar jijiya ta yi aiki mai yawa, ko iska da sukarin da jini ke kawo mata suka gaza, sai ATP ya farfashe, adenosin ya taru a kewayenta. Wani kaso yana fitowa ne daga cikin ƙwayar ta wasu ƙananan ƙofofi, wani kuma a waje ake yin sa, domin jijiyoyi suna sakin ATP tare da saƙonsu, wasu sinadarai biyu da ke manne a fatar ƙwayoyin, CD39 da CD73, su yayyanka shi har ya zama adenosin. Saboda haka yawansa a kowane lokaci yana nuna irin wahalar da wannan sashe na ƙwaƙwalwa yake sha.

An daɗe da sanin tasirinsa. Tun a 1929 Drury da Szent-Györgyi suka nuna cewa yana rage gudun bugun zuciya, a 1972 kuma Geoffrey Burnstock ya kawo ra'ayin cewa jijiyoyi suna amfani da ATP wajen aika saƙo, ra'ayin da masana da yawa suka ƙi yarda da shi na tsawon shekaru kafin hujjoji su tabbatar da shi.

2. Me ake nufi da sakin sinadaran saƙo?

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba, akwai wani siririn gurbi tsakanin ƙarshen wannan da farkon waccan, shi ake kira mahaɗar jijiyoyi. Idan motsin lantarki ya iso ƙarshen jijiya, ƙofofin kalsiyam suna buɗewa, kalsiyam ya kwarara ciki, wasu 'yan jakunkuna masu ɗauke da sinadari su fashe a bakin gurbin, sinadarin ya tsallaka ya isar da saƙo. Gulutamet shi ne babban mai zaburarwa, GABA shi ne babban mai kwantarwa, asetilkolin yana da hannu a mai da hankali da riƙe abu a ka, dofamin kuma a motsi da kwaɗayin aikata abu.

Adenosin ba ya cikin wannan sahu kai tsaye. Ba ya ɗauke da saƙon kansa kamar su, aikinsa shi ne ya ƙayyade yawan abin da za a saki a kowane bugu, ya rage ko ya ƙara.

3. Makarɓan adenosin nawa ne, me kowanne yake yi?

Makarɓi furotin ne da ke zaune a fatar ƙwaya, wanda sinadari ke ɗafewa a jikinsa kafin ya yi tasiri. Na adenosin huɗu ne: A1, A2A, A2B da A3, amma biyun farko su ne ke riƙe da mafi yawan aikin a ƙwaƙwalwa. Mahayin doki yana da linzami yana da ƙaimi, kuma kusan haka abin yake a nan: A1 linzami ne, A2A ƙaimi ne. A1 ya bazu a ƙwaƙwalwa sosai, musamman a ɓawonta na sama, da hipokamfas inda ake ɗaure sabon abin da aka koya, da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. Idan adenosin ya ɗafe shi a ƙarshen jijiya, yana rage buɗewar ƙofofin kalsiyam, don haka sinadarin da ake saki ya ragu, a ɗaya gefen gurbin kuma yana buɗe ƙofofin fotasiyam, ƙwayar da ke karɓa ta yi nauyin tashi.

A2A ya fi taruwa a sitirayatum, wani sashe na can ciki mai kula da motsi, inda yake zaune kafaɗa da kafaɗa da makarɓin dofamin na D2 yana dushe ƙarfinsa. A hipokamfas da ɓawon ƙwaƙwalwa ɗan kaɗan ne a jikin matashi, amma yana daidai bakin mahaɗa, inda yake ƙara sakin gulutamet da asetilkolin, yana kuma iya toshe aikin A1 a wannan mahaɗar. Fa'idar tsarin ita ce A1 ya kwantar da hayaniyar da ke ko'ina, A2A kuma ya ɗaga muryar mahaɗar da ke aiki a wannan lokacin kaɗai, saƙo mai muhimmanci ya fita sarari.

4. To, me tsufa ke canzawa a cikin wannan tsari?

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne cewa tsufa ba ya rage komai da komai bai ɗaya. Mutane sun saba ɗaukar tsufa a matsayin raguwa kawai, ido ya ragu, ji ya ragu, ƙarfi ya ragu, amma a nan wani abu ne ke raguwa yayin da abokin hamayyarsa ke ƙaruwa. A 1995 Rodrigo Cunha da abokan aikinsa a ƙasar Fotugal suka kwatanta ƙwaƙwalwar ɓerayen gwaji matasa da ta tsofaffi masu kimanin wata 24, wanda tsufa ne sosai ga ɓera. Sun tarar cewa makarɓan A1 sun ragu a hipokamfas da ɓawon ƙwaƙwalwa, makarɓan A2A kuma sun ƙaru a waɗannan wurare biyun, alhali a sitirayatum, inda A2A ya fi yawa tun asali, ba a ga irin wannan ƙaruwa ba.

Binciken da ya biyo baya daga wannan gida, ƙarƙashin Joaquim Ribeiro da Ana Sebastião, ya nuna cewa ba adadi kaɗai ya sauya ba. A 1999 Luísa Lopes ta nuna cewa makarɓan A2A na tsohon ɓera sun fi ƙwarewa wajen isar da umarni cikin ƙwayar, kuma sun fi ƙarfin ƙara sakin asetilkolin. A 2003 aka nuna cewa zaburar da A2A yana ƙara ƙarfin saƙon gulutamet a hipokamfas na tsohon ɓera fiye da na matashi, kuma hanyar da yake bi ta canza: a matashi yawanci yana aiki ne ta hanyar sassauta riƙon A1, a tsoho kuwa yana zaburar da sakin kai tsaye, ko A1 yana nan ko ba ya nan. A ɗaya ɓangaren, maganin da ke zaburar da A1 ba ya kwantar da saƙo a hipokamfas na tsohon ɓera kamar yadda yake yi a na matashi.

Idan aka haɗa waɗannan, sakamakon shi ne linzami ya yi sako-sako, ƙaimi ya ƙara kaifi, kuma a daidai sassan da ke kula da koyo da tunawa. Abin da hakan ke jawowa yana amsa ta 8.

5. Shi kansa adenosin ɗin raguwa yake yi da shekaru ko ƙaruwa?

A ɓerayen da aka auna, alamu sun fi karkata ga ƙaruwa a wasu sassa. Cunha ya nuna a 2001 cewa aikin CD73, mai juya ragowar ATP zuwa adenosin, ya ƙaru a ƙarshen jijiyoyin hipokamfas na tsofaffin ɓeraye. Wannan yana da muhimmanci ninki biyu, domin adenosin da CD73 ke samarwa a bakin mahaɗa ya fi zuwa wajen A2A. Haka nan a 2004 wani bincike a Amurka ya tarar da adenosin mai yawa a gindin goshin ƙwaƙwalwar tsofaffin ɓeraye, wurin da ke da hannu a barci, amma duk da yawansa ƙwaƙwalwar ba ta amsa masa yadda ta matashi ke amsawa. Wasu masana suna ganin yawan adenosin na tsawon lokaci ne ke sa ƙwayoyin su janye wasu makarɓan A1, kamar yadda jiki ke yi wa duk abin da ya yi masa yawa.

6. A ɓeraye kawai aka ga wannan, ko har a mutane?

Mafi yawan bayani dalla-dalla kan sakin sinadarai daga ɓeraye ya fito, domin ba a iya yanko hipokamfas na mutum mai rai a auna abin da yake saki. Amma akwai hujjoji daga mutane da suka tafi a kan hanya ɗaya. Da na'urar hoto ta PET, wadda ke bin sawun wani sinadari mai ɗan haske da aka yi wa mutum allurarsa, masu bincike a Jülich ta ƙasar Jamus suka ba da rahoto a 2007 cewa makarɓan A1 suna raguwa da shekaru a sassa da dama na ƙwaƙwalwar mutane masu lafiya. A Tokyo, Masahiro Mishina da abokan aikinsa suka tarar a 2012 cewa a sitirayatum na mutum A1 yana raguwa da shekaru, A2A kuwa yana nan kusan yadda yake. Ƙungiyar Luísa Lopes kuma ta auna hipokamfas na mutanen da suka rasu, ta ga A2A ya fi yawa a tsofaffi, ya ƙara yawa a masu cutar mantuwa ta Alzheimer.

Ɗalibi ya kamata ya rarrabe matakai biyu a nan. Sauyin yawan makarɓa an gan shi a mutum. Yadda sauyin ke juya sakin gulutamet ko asetilkolin a mahaɗa ɗaya kuwa, a dabba aka auna shi, aka ƙiyasta shi ga mutum.

7. Wane sinadarin saƙo abin ya fi shafa?

Gulutamet da asetilkolin su aka fi bincika. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Florence ta ƙasar Italiya, cikinsu har da Felicita Pedata da Giancarlo Pepeu, suka lura cewa ikon adenosin na rage sakin asetilkolin a ɓawon ƙwaƙwalwa yana dushewa a tsofaffin ɓeraye. Wannan ya ja hankali domin jijiyoyin asetilkolin suna cikin waɗanda ke fara lalacewa a cutar Alzheimer, kuma magunguna irin su donepezil suna aiki ne ta hanyar hana rushewar asetilkolin. Ana iya fassara raguwar A1 da ƙaruwar A2A a wannan wuri a matsayin ƙoƙarin ƙwaƙwalwa na tatso abin da ya rage daga jijiyoyin da suka fara gajiya, wato akwai ɗan alheri a cikin sauyin. Matsalar ita ce wannan sauyin bai tsaya kan asetilkolin ba, ya shafi gulutamet, shi kuwa yawansa ba alheri ba ne. Maganar dofamin daban take, tana amsa ta 13.

8. Idan A2A yana ƙara ƙarfin saƙo, me ya sa ƙaruwarsa za ta cutar da tunawa?

Domin koyo ba ya dogara da ƙarfin saƙo kaɗai, yana dogara ne da bambanci. Lokacin da mutum ya koyi sabon abu, wasu mahaɗu ƙalilan suna ƙara ƙarfi na dogon lokaci, wasu kuma suna rage ƙarfi na dogon lokaci, kuma wannan saɓanin ne ke zana abin da aka koya. Idan kowace mahaɗa tana da saurin ɗaukar zafi, ƙaramin motsi ma ya isa ya ƙarfafa ta, to muhimmi da maras muhimmanci sun zama ɗaya. Abin mamaki da aka gani a hipokamfas na tsofaffin ɓeraye shi ne cewa a wasu gwaje-gwaje ƙarfafuwar mahaɗa ta fi ta matasa girma, duk da cewa tsofaffin sun fi mantuwa, kuma toshe A2A ya mayar da ita kusa da yadda take a matasa.

Ƙungiyar Lopes ta ƙara matsawa gaba, ta samar da ɓeraye matasa waɗanda aka cusa wa jijiyoyinsu A2A mai yawa da gangan. Waɗannan ɓeraye sun nuna mantuwa irin ta tsofaffi tun suna da ƙuruciya, kuma motsin da ya kamata ya raunana mahaɗa sai ya riƙa ƙarfafa ta. An gano cewa A2A ɗin yana haɗa kai da wasu makarɓan gulutamet biyu, mGluR5 da NMDA, kalsiyam mai yawa ya shiga ƙwayar. Kalsiyam da ya wuce kima na tsawon shekaru yana gajiyar da jijiya, yana kuma iya kashe mahaɗar. Da aka ba su maganin da ke toshe A2A, tunawarsu ta gyaru. A ganina wannan gwaji shi ne mafi ƙarfin hujja a duk fagen, domin ya nuna cewa yawan A2A kaɗai, ba tare da sauran larurorin tsufa ba, ya isa ya haifar da matsalar.

9. Babanmu yana gyangyaɗi bayan azahar, da dare kuma ya farka tun kafin kiran assalatu. Adenosin na da hannu a ciki?

Yana da hannu, ko da yake ba shi kaɗai ba. A 1997 Tarja Porkka-Heiskanen da abokan aikinta a Amurka suka nuna a jikin kyanwoyi cewa adenosin yana taruwa a gindin goshin ƙwaƙwalwa muddin ana farke, yana raguwa idan an yi barci. Taruwarsa ce ke kwantar da jijiyoyin da ke riƙe mutum a farke, ita ce nauyin idon da ake ji bayan doguwar rana. Idan makarɓan A1 sun ragu, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta 4 da ta 5, ƙwaƙwalwar ba ta jin wannan nauyi sosai, barci mai zurfi ya ragu, ƙaramin motsi ya tashe shi. Raguwar barci mai zurfi da shekaru abu ne tabbatacce a mutane.

Amma kafin a ɗora wa adenosin laifi, a duba abubuwan da suka fi kusa. Agogon jiki na tsoho yana matsowa gaba, shi ya sa yake jin barci da wuri ya kuma farka da wuri. Yawan fitsarin dare saboda kumburin mafitsara ko ciwon sukari, ciwon gaɓoɓi, minshari mai ɗauke numfashi, damuwa, da zafin watannin Maris zuwa Mayu a Garwa ko Kuseri, wanda ke hana saurayi ma barci, duk suna taka rawa. Dogon barcin rana shi ma yana share adenosin da ya taru, sai dare ya yi babu nauyin ido. Ƙailula gajeriya ba ta da laifi, amma ta awa biyu zuwa la'asar daga barcin dare take ci.

10. Ina alaƙar goro, shayi da kofi da wannan magana?

Dukkansu suna ɗauke da kafeyin, shi kuwa ƙirarsa ta yi kama da ta adenosin, don haka yana zama a kan A1 da A2A ya tare wurin ba tare da ya motsa su ba. A gwargwadon da mutane ke sha, wannan toshewar ita ce babban aikinsa a ƙwaƙwalwa. Kafeyin ba ya ƙara wa mutum ƙarfi, hana ƙwaƙwalwa jin gajiyar da ta tara yake yi. Wani bincike a Osaka ta Japan a 2005 ya nuna cewa ɓeran da aka cire wa A2A kafeyin ba ya hana shi barci, wanda aka cire wa A1 kuwa yana hana shi, wato ta A2A farkarwar take bi.

Goro yana da kafeyin kimanin kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa, tare da ɗan tiyoburomin, wani sinadari ɗan'uwan kafeyin, kuma da yake taunawa ake yi a hankali, dattijon da ke ɓantara daga hantsi zuwa magariba yana iya tara mai yawa bai sani ba. Shayin da ake dafawa a ƙaramar buta har ya yi kauri, irin wanda ake sha zagaye-zagaye a majalisun Njamena da Marwa, ya fi shayin jaka ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman zagayen farko. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 na kafeyin a yini, ko 200 a sha ɗaya, ba ya da haɗari ga baligi mai lafiya. Namijin goro wata bishiya ce daban, kada a haɗa lissafinsu.

11. Hajiyarmu ta shekara da shekaru tana cin goro da dare tana barcinta. Me ya sa yanzu yake hana ta?

Goron bai canza ba, ƙwaƙwalwar da yake tararwa ce ta canza. Kafeyin yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jini, kuma a tsoho mai lafiyar hanta wannan lokaci bai cika sauyawa sosai ba. Abin da ya sauya shi ne cewa barcinta ya riga ya yi rauni, nauyin idon da adenosin ke kawowa ya ragu, don haka ɗan abin da kafeyin zai ɗebe daga ciki ya isa ya tashe ta. Masu binciken barci a Montreal ta Kanada sun nuna cewa masu matsakaicin shekaru sun fi matasa jin illar kafeyin mai yawa a barcinsu. Wani gwaji na 2013 kuma ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya.

Ba sai an raba ta da goro ba, kuma duk wanda ya san matsayin goro a hannun tsohuwa ya san ba za a yi nasara ba. A lallashe ta ta mayar da shi safe da hantsi, ta tsaya daga azahar, a ga yadda mako biyu za su kasance. A kuma duba magungunan da take sha, kamar yadda ya zo a amsa ta 15.

12. Tunda kafeyin yana toshe A2A, yana kare tsoho daga gigin tsufa ke nan?

A ɓeraye, kafeyin na yau da kullum da magungunan toshe A2A sun rage mantuwar tsufa da wadda amiloyid, sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, ke jawowa. A mutane akwai binciken bibiya da ya karkata wajen: a Faransa, binciken birane uku da aka wallafa a 2007 ya ga cewa mata tsofaffi masu shan fiye da kofi uku a yini sun fi jinkirin raguwar tunawa, amma ba a ga haka a maza ba, a Finland kuma wani bincike na 2009 ya danganta shan kofi uku zuwa biyar a tsakiyar rayuwa da ƙarancin cutar mantuwa daga baya. Irin wannan bincike yana nuna tafiya tare ne kawai, ba ya tabbatar da sababi, domin mai shan kofi yana iya bambanta da wanda ba ya sha ta fuskoki da yawa, kuma wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa yana iya rage sha da kansa.

Saboda haka babu likitan da zai rubuta goro a matsayin maganin mantuwa. Wanda ya saba da gwargwado kuma bai hana shi barci ba, ba shi da dalilin dainawa. Wanda bai saba ba kuwa, musamman mai hawan jini, gyambon ciki ko rikicewar bugun zuciya, ba shi da dalilin farawa. Kula da hawan jini da sukari, motsa jiki, gyara ji da gani, da zama cikin mutane sun fi goro tabbataccen amfani ga ƙwaƙwalwar tsoho.

13. Cutar karkarwa ta Parkinson fa?

A nan ne ilimin adenosin ya kai ga magani na haƙiƙa. A cutar Parkinson jijiyoyin da ke kai dofamin sitirayatum suna mutuwa. Da yake A2A yana dushe makarɓin D2, kamar yadda aka ambata a amsa ta 3, toshe shi yana ba ɗan dofamin da ya rage damar yin aiki. Maganin istradefylline, mai toshe A2A, ya sami izini a Japan a 2013, a Amurka kuma a 2019, a matsayin ƙari a kan levodopa, babban maganin cutar, ga majinyatan da ƙarfin maganinsu ke yankewa kafin lokacin sha na gaba. Ba ya warkar da cutar, ba ya kuma maye gurbin levodopa.

Binciken Honolulu da aka wallafa a 2000, wanda ya bi maza kimanin 8,000 na tsawon shekaru 30, ya ga cewa masu shan kofi sun fi ƙarancin kamuwa da cutar. Sai dai da aka gwada ba wa waɗanda suka riga suka kamu kafeyin na tsawon watanni, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna gyaruwar motsi ba.

14. Raguwar A1 na da alaƙa da farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki a tsofaffi?

Adenosin shi ne maganin farfaɗiya na cikin jiki: lokacin da jijiyoyi suka ɓarke da aiki yana ƙaruwa da sauri, ta A1 ya rage sakin gulutamet, ya taimaka wajen tsayar da bugun. Haka ma idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, adenosin yana hauhawa ya kwantar da jijiyoyin don su rage buƙatar iska. Sabuwar farfaɗiya tana yawaita bayan shekara 65, amma babban sababinta shi ne tabon shanyewar ɓarin jiki, ƙari a ƙwaƙwalwa, buguwar kai da cutar mantuwa, raunin A1 kuwa yana iya zama abin da ke rage kariya ne kawai. Tsohon da ya fara faɗuwa ko ɗaukewar hankali asibiti ya kamata a kai shi a nemi sababi, kada a tsaya kan cewa iska ce.

15. Waɗanne magunguna ne ke karo da tsarin adenosin?

Na farko shi ne tiyofilin da ɗan'uwansa aminofilin, tsofaffin magungunan asma da har yanzu ake samu a kantunan magani. Su ma suna toshe makarɓan adenosin, tazara tsakanin gwargwadon da ke magani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, kuma jikin tsoho yana jinkirin fitar da su. Idan suka yi yawa suna kawo bugun zuciya da sauri, amai, rawar hannu, har da farfaɗiya, shayi mai kauri a kansu kuma ƙarin nauyi ne. Na biyu shi ne siprofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa don taifot da ciwon mafitsara. Yana toshe sinadarin hanta mai suna CYP1A2 da ke rushe kafeyin da tiyofilin, sai su daɗe a jini. Tsohon da ya kasa barci, zuciyarsa na dukan uku-uku bayan ya fara wannan magani, a tambayi goro da shayin da yake sha. Taba kuwa tana hanzarta wannan sinadari, shi ya sa wanda ya daina shan taba yake jin kofinsa na da ya yi masa ƙarfi.

Ana kuma yin allurar adenosin kansa a asibiti don tsayar da wani nau'in gudun zuciya, aikinsa ba ya wuce daƙiƙoƙi kaɗan, kuma kafeyin da ke jini yana rage ƙarfinsa. Don haka idan likita ko malamin jinya ya tambayi abin da majinyaci ke sha, a ambaci goro da shayi, kada a ɗauka abinci ne kawai da bai cancanci faɗa ba.

16. Me ya sa dattijon da ya saba da goro yake ciwon kai a kwanakin farko na azumi?

Jikin da ya saba da kafeyin kullum yana daidaita kansa da toshewar, ya ƙara jin adenosin. Idan aka yanke kafeyin farat ɗaya, adenosin ya sami makarɓansa a buɗe, ta A2A ya faɗaɗa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, ta A1 ya rage sakin sinadaran da ke farkarwa, sai ciwon kai, kasala, gyangyaɗi da saurin fushi. Alamun suna farawa awa 12 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, su tsananta a kwana na ɗaya zuwa na biyu, su wuce cikin kwana 2 zuwa 9. Ƙishirwa da sauyin lokacin barci suna ƙara musu nauyi, musamman idan azumi ya faɗo a bazara.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara ragewa a hankali tun cikin Sha'aban, a kuma guji rama bashin yini da buta bayan buta tsakanin buɗa-baki da tarawihi, domin wannan ne ke cinye ɗan barcin da ke tsakanin isha'i da sahur. Ɗan shayi a sahur tare da ruwa mai yawa ya fi dacewa da tsoho. Ciwon kan da ya zo kwatsam da tsanani, ko ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, ba na rashin goro ba ne, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'ar.